Kira a Layin Ajiya

Rana ta yi ja a kan duwatsun bayan Limawa sa'ad da wayar Zinariya ta yi ƙara. Tana bakin murhu a kan 'yar kujera tana tuƙa tuwo, don cikinta ya tsufa, tsuguno ya fara gagararta. Ta goge hannu a zani ta ɗauka. Mijinta ne, Sagiru, kuma ba gaisuwa ce ta sa ya kira ba.

"Ke, me kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba."

"To me ya sa ba na ganin gidana? Tun ɗazu nake dubawa, baƙi ƙirin. Tashi ki shiga falo ki duba min fitilar rauta."

Ta ajiye muciya ta miƙe da ƙyar.

Sagiru yana da shagon kwamfuta a Kafin Hausa, inda yake buga wa ɗaliban jami'a takardu. Can yake kwana daga Lahadi zuwa Alhamis. Sai dai in ya tafi, ƙafarsa ce kawai ke tafiya, idonsa yana nan gida. Ya kafa kyamara ɗaya a bangon tsakar gida, ɗaya a zaure, kowacce da wuya mai juyawa irin na ƙadangare, kuma kowacce da bakinta. Yana zaune a shagonsa zai buɗe waya ya leƙo. Mace na tsakiyar wanki sai ta ji bango ya yi magana: "Ke, wannan omon da kike zabgawa, babanki ke da kamfanin?" Ko kuwa: "Ke, wace ce ta fita yanzu da kwano?" Matan maƙwabta tun suna shigowa suna dariya har suka ɗauke ƙafa. Wa zai zo hira a ƙarƙashin idon mijin wata?

Duk wannan gadi a kan abu ɗaya ya rataya, wato rauta, wani ɗan farin akwati mai ƙahoni huɗu da ke kawo intanet gidan. Kwanukan aurenta ya sauke daga saman kantar falo ya ɗora shi a wurin. In ya dawo ranar Alhamis, akwatin yake fara gogewa da hankici kafin ya tambayi lafiyar mai ciki, in ma ya tuna.

Shi irin mutanen nan ne da in suka koyi abu da hantsi, kafin la'asar duk garin ya zama jahili. Ranar da ya gama haɗa akwatin ya rasa wanda zai yi wa bayani, sai Allah ya kawo Iyatu, tsohuwar da ke gidan jikin nasu, ta shigo ɗiban garwashi. Ya tsare ta a ƙofar falo, kasko a hannunta.

"Iya, kin ga wannan? Layi biyu gare shi, na gaba da na ajiya. Kowane lokaci yana aika sallama can waje don ya ji ko hanya tana nan. In an amsa masa, fitilar nan koriya ce. In ya yi sau uku ya ji shiru, da kansa zai watsar da layin ya koma na ajiya, sai fitila ta zama ruwan ɗorawa. Gidan nan ba ya yankewa da duniya. Ni na saita shi. Masu sayar da shi ma ba su kai nan ba."

Iyatu ta dubi akwatin ta dubi yaron.

"Wa yake yi wa sallamar?"

"Duk wanda ke can."

"Wa ke amsawa?"

"Haba Iya, ai ba mutum ba ne."

"Ai shi ya sa na tambaya." Ta gyara riƙon kaskonta. "Har da magariba yake kiran?"

"Ba dare ba rana."

Tsohuwa ta ɗebi wutarta ta fita. Sagiru kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma ya yi wata guda yana ba abokansa labarin tsohuwar da ke tsoron akwati.

Yau dai fitilar ba koriya ba ce, ba kuma ruwan ɗorawa ba.

"Ja ce," in ji Zinariya a waya.

"Ja? Ba zai yiwu ba. Da na gaba ya faɗi, na ajiya ke ɗauka."

"Ja ce."

"Kin ma san ja kuwa?" Ya yi tsaki. Bayan muryarsa tana jin kukan inji da iska tana kaɗa tagar mota. "Wayar eriya ce ta yi sako-sako. Zagaya bayan gida ki hau dutsen nan, ki je gindin ƙarfen, ki danna wayar ta shiga ramin da kyau. Ko yaron goye zai iya."

Da yake gidan a gindin dutse yake, sabis ba ya sauka sosai, shi ya sa Sagiru ya kafa eriyar layin ajiya a can sama. Ya kafe dogon ƙarfe a bakin wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, ya ja baƙar waya daga nan har tagar falo. Duk unguwar an san tsagar. Ana hana yara wasa wurin, awaki ma da ba a hana su ba zagayewa suke yi.

"Magariba ta kawo kai," ta faɗa a hankali.

"To sai me? Dutsen zai haɗiye ki?"

"Iya ta ce mai ciki ba ta..."

"Iya ta ce. Iya ce ke aurenki? Ina hanya yanzu haka. Kafin in shiga Kiyawa ina so in buɗe waya in ga gidana."

Ya kashe.

Zinariya ta tsaya da waya a hannu. Mutum yana hanyar gida, saura kaɗan ya ga gidan da idon da Allah ya ba shi, amma sai ya tura mai ciki kan dutse don ya riga kansa gani. Ba ta faɗi wannan ba. Ita dama tun tana ƙarama magana a maƙoshi take tsaya mata, sai an kira ta an sake kira kafin ta ce na'am. A gidansu kunya ake ce wa abin. Sagiru kurumta yake ce masa.

Ta janye itace daga murhu. Ta zura hijabi. Ta ɗauki 'yar wuƙar yankan kuɓewa ta soke a ƙugu, kamar yadda ta ga matan gidansu suna yi in fita ta kama mai ciki a irin wannan lokaci. Ta yi bisimilla ta fita.

Lungun bayan gida yana warin hayaƙin kara da kashin awaki. Wata uwa a wani gida tana kora yaranta ɗaki. Jemagu sun fara fitowa daga kan dabinai suna shawagi ƙasa-ƙasa. Ta kama hawa, hannu ɗaya a kan dutse, ɗaya a ƙarƙashin ciki. Dutsen da ɗumi, kamar jikin dabbar da ta wuni a rana. Ta kan tsaya ta numfasa. Daga tsakiyar hawan ana hango garin Dutse yana kunna fitilunsa, ana jiyo hon na 'yan adaidaita can ƙasa.

Da ta matso kusa da tsagar, sai ɗumin ya yanke.

Ba iska ce ke kaɗawa ba. Sanyi ne kawai zaune a wurin, irin na bakin randa. Hon ɗin ma ya yi nisa, kamar an rufe mata kunne da tafi.

Ga ƙarfen nan tsaye. Ta sunkuya gindinsa tana laluben wayar da aka aiko ta dannawa.

Wayar ba sako-sako ta yi ba. A yanke take, tana kwance can gefe a cikin busasshiyar ciyawa. Zinariya ta ɗago bakin ta duba da sauran hasken da ya rage. Jan ƙarfen ciki ya yi tsatsa har ya zama kore. Ta dubi ramin da ya kamata ta shiga. Zanzaro ya gina gidansa a kai, ya toshe shi da laka, lakar ta bushe ta tsattsage, har da 'yan ƙofofin da 'ya'yansa suka fasa suka fice.

Wannan ba aikin yau ba ne. Tun damina ne, ko kafin nan.

Ta saki wayar a hankali.

Domin ta sha ganin fitilar nan ruwan ɗorawa. Ko shekaranjiya ta gani. Kuma da ta tsaya ta tuna, kullum a irin wannan lokaci ne, in rana ta faɗi. A lokacin ne kyamarar tsakar gida kan juya wuya ta bi ta daga murhu zuwa randa, daga randa zuwa ɗaki, ba tare da an ce mata ke ba. Ta ɗauka Sagiru ne yake kallo bai ga abin faɗa ba. Har ta kan yi mamaki, don bai saba rasawa ba.

Ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Muryar ta zo mata siririya, kamar daga cikin rijiya.

Sai wani abu ya yi ƙas a cikin tsagar.

Ta san ƙarar. Ita akwatin ke yi in zai sauya layi.

Ba ta leƙa ba. Ta juya ta kama sauka, da zama, da jan gindi, tana karanta abin da ya zo bakinta. Takalminta ɗaya ya zame ya gangara, ba ta bi shi ba.

Ta shiga gida ta sa sakata. Tsakar gida shiru. Akuyar Iyatu da ke kuka ta katanga kowace magariba ba ta yi ba. Wutar murhu ta kwanta, babu ko hayaƙi.

Ta tagar falo ta hango fitilar akwatin a saman kantar.

Ruwan ɗorawa.

Ta zaro wayarta don ta kira shi. Babu sabis, ko sanda ɗaya.

Sama da kanta, a bango, kyamara ta juya wuya. A hankali, da ɗan kuka irin na ƙofar da ba a shafa wa mai ba. Ta tsaya daidai fuskarta.

"Salamu alaikum."

Muryar Sagiru ce. Ba ragi.

"Zinariya."

Amsar sallama ta taso mata da kanta, kamar yadda take taso wa duk wanda aka haifa a gidan Musulmi. Har harshenta ya ɗaga. Nauyin bakin nan nata ne ya riƙe ta, na ɗan lokacin da ya isa kunnenta ya yi aikinsa.

Babu kukan inji a bayan muryar. Babu iskar hanya. Babu komai a bayanta, kamar an yanko ta an ajiye a kan faranti.

Kuma tunda aka kafa abin nan a bango, Sagiru bai taɓa yi mata sallama ta ciki ba. Sunanta kuwa, rabon da ta ji shi a bakinsa tun yana zuwa zance.

"Sannu da ƙoƙari," in ji muryar. "Hawan dutse da tsohon ciki. Kin gaji ko? Ƙafarki ta yi ciwo?"

Hawaye suka cika mata ido. Ba na tsoro kaɗai ba. Waɗannan kalmomi ta daɗe tana jiransu, ga shi yau sun zo, kuma abin da ke cikin dutse ma ya fi Sagiru sanin yadda ake magana da mace.

Ta cusa bakin hijabi tsakanin haƙoranta ta cije.

Shiru.

Ta ɗaga ƙafa mara takalmi ta taka baya. Ta sake takawa. Zaure take nufa. In ta zare sakata, ƙofar Iyatu taku kaɗan ne.

Wani ƙamshi ya cika gidan, na jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabon sama da ruwa an daɗe. A ƙarƙashinsa akwai ƙauri, kamar na gashin da wuta ta lasa.

Ta kai bakin zaure.

A cikin duhun zauren, ɗaya kyamarar ta juyo.

"Salamu alaikum, Zinariya."

Yanzu muryar a gabanta take, tsakaninta da ƙofa.

"Ba kya amsa sallama? Ba haka aka yi miki tarbiyya ba."

Cikinta ya motsa. Ba irin shurin da ta saba ba. Abin da ke ciki juyawa ya yi gaba ɗaya, a hankali, ya fuskanci zaure.

Ta dafe shi da hannu biyu.

Ta sulale jikin bango ta zauna. Wuƙar da ke ƙugunta ta yi sanyi har tana ƙonata.

Tari ya taso mata. Ta haɗiye shi. Ya sake tasowa. Ta danne da hijabi har idonta ya yi ja.

Duhu ya gama sauka. Hasken da ya rage a gidan na fitilar nan ne kawai, yana fitowa ta taga, ya kwanta a kan siminti.

Wani abu ya gitta ta cikinsa.

Ba ta ga siffa ba. Hasken ne ya ɗauke ya dawo.

Sai tabarmar da ke kusa da ita ta yi ƙara, irin ta wanda ya durƙusa.

Sanyin bakin tsagar nan ya taɓa gwiwarta.

Kira na uku bai fito daga bango ba. Bai fito daga zaure ba. Daga nan ya fito, ƙasa-ƙasa, daidai cibiyarta.

"Salamu alaikum."

Ba da ita ake ba.

Cikin ya yi tsit. Ya yi tauri kamar ƙwarya. Ta ji wani ɗan abu, ko hannu ko diddige, ya turo fatar daga ciki, wajen muryar.

Ta duƙa a kansa. Ta rufe shi da ƙirjinta da cinyoyinta da duk abin da take da shi. Ta kama Ayatul Kursiyyu a zuci, ba ta yarda ko leɓenta ya motsa ba.

Numfashi yana taɓa bayan hannunta.

Tana karantawa.

Yana jira.

Ta kai ƙarshe ta koma farko.

Ƙas.

Sanyin ya janye daga gwiwarta kamar an yaye mayafi. Sau uku abin ya yi sallama ba a amsa ba, ya sauya layi.

Ba ta ɗago ba. Daga inda take duƙe ta ji kyamarar bango ta buɗe baki, amma wannan karon ba da gidan take magana ba. Kukan inji ne ke fitowa ta ciki, da iskar hanya, da wani wa'azi a rediyon mota ƙasa-ƙasa. Sai waya ta fara ringi a cikin motar.

Ringin farko ma bai ƙare ba aka ɗauka. Sagiru bai taɓa barin kira ya jira ba, kar a zaci ba a nemansa.

"Salamu alaikum, Sagi..." in ji muryar nan.

"Wa alaikumus salam, na'am, waye? Yi magana da sauri, ina tuƙi."

Rediyon ya mutu. Injin ya ci gaba da tafiya, lafiya lau, ba birki ba karo. Sai aka yi wata 'yar dariya mai taushi, da muryarsa, irin wadda Zinariya ba ta taɓa jin ya yi ba.

Fitilar falo ta koma koriya.

Akuyar Iyatu ta fashe da kuka. Ƙaurin tuwo ya bugi hancinta. A masallaci har an kai raka'a ta biyu.

Da rarrafe ta kai ƙofa. Ta zare sakatar da hannu biyu. Ta faɗa gidan Iyatu ba sallama, ta tarar da tsohuwa a kan buzu tana lazimi. Iyatu ta dube ta daga ƙafa mara takalmi zuwa hijabin da ya jiƙe da yawu. Ba ta tambayi abin da ya faru ba.

"Kin amsa?"

Ta girgiza kai.

"Ko gyaran murya?"

Ta girgiza kai.

Tsohuwa ta ɗora tafi a kan cikin, har sai da ta ji shuri. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Shi fa?"

Zinariya ta sunkuyar da kai.

"Uhm," in ji Iyatu. Ta tashi ta sa wa ƙofarta sakata, ta dawo ta zauna, ta tofa addu'a a ruwa ta ba ta.

Ana dab da kiran isha suka ji tsayuwar mota. Aka rufe ƙofarta a hankali, ba da bugun da aka saba ba. Taku ya wuce ƙofar gidan Sagiru bai tsaya ba, ya zo ya tsaya a tasu.

"Salamu alaikum, Iya. Barka da yamma. Ko iyalina tana nan?"

Iyatu ta riƙe hannun Zinariya ta matse.

"Salamu alaikum. Na ga takalminta a gindin dutse, na tsinto mata."

Babu wanda ya gaya masa inda takalmin ya faɗi.

Ya yi sallama ta uku, da ladabi, kamar mai neman aure a gaban surukai. Sai ladan ya kira isha. Can aka dunƙule hannu aka daki ƙofar.

"Ke, kina ciki? Me kike yi a gidan mutane? Kin bar min gida a buɗe, tuwo ya ƙone. Wannan takalmin kuma wa ya ba ni shi?"

"Yanzu kya iya fita," in ji Iyatu. "Wannan mara kunyar naki ne."

Bai san yadda aka yi ya zo daga Kiyawa ba. Ya ce gajiya ce. Da safe ya hau dutse da kansa, ya ga yankakkiyar waya, ya sauko yana faɗa, wai awakin unguwa ne, kuma da tana sa ido da ba a yi haka ba. Ya ce zai sayo sabuwa, bai sayo ba, don tun daga ranar fitilar ba ta sake barin kore ba. Har yau yana ba abokansa labari cewa layinsa ba ya faɗuwa.

Shi ne ke faɗuwa. Kullum rana ta faɗi, ko yana tsakiyar masifa, sai maganar ta tsaya masa a baki. Sannan ya gyara zama, fuskarsa ta saki, ya tambayi kowa gajiya. Haka zai kasance har a kira isha. Yaran shagonsa a Kafin Hausa sun gane, sun daina roƙonsa komai sai bayan magariba. Zinariya ta aika musu cewa su daina amsa masa a lokacin, suka ce matar oga ba ta da lafiya.

An kira mai ruƙiya. Ya zo da rana bai ga komai ba sai rashin kunya. Ya dawo da magariba, Sagiru ya shimfiɗa masa darduma da hannunsa, ya zauna yana sauraron karatun yana murmushi. Malamin bai amsa gaisuwarsa ba, bai kuma sake dawowa ba. Zinariya ta je gida ta gaya wa mahaifinta. Ya ce tunda yake bai taɓa jin macen da ta yi yaji don mijinta ya yi mata sallama ba. Dangin miji kuwa cewa suke yi aure ya gyara shi.

Ta haihu lafiya, mace. Aka sa wa yarinyar sunan mahaifiyar Sagiru, don haka babu mai faɗinsa a gidan, Ummi kowa ke cewa. Sagiru na rana ko a mafarki ba zai kama sunan uwarsa ba, balle a kan 'yar fari. Da la'asar ta yi sanyi Zinariya kan ɗauke yarinyar su shige ɗaki ta sa sakata, ta kunna mata duk abin da zai yi ƙara.

Shi kuwa na magariba yakan zo ya zauna a bakin ƙofar, ya jingina da bango. Ya daina kiran Zinariya tuntuni. Muryarsa ƙasa-ƙasa take shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, kamar mai rarrashi.

"Salamu alaikum, Halimatu Sa'adiya."

Yarinyar ba ta san sunan ba. Babu wanda ya taɓa kiranta da shi da rana, sai ta ci gaba da buga murfin kwanonta a ƙasa. A kan wannan Zinariya ta dogara har Ummi ta fara tafiya, ta fara cewa mama, ta fara maimaita duk abin da ta ji.

Jiya da aka yi sallamar, murfin kwanon ya tsaya. Yarinyar ta juya ta dubi ƙofa, ta buɗe baki. Hannun uwarta ya riga ta.